Fitilar Mashin Ɗin Matthew Mai Ƙwai

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

Yau na faɗa ramin nan na kwanar shiga Narayi, ramin da muka daɗe muna gaisawa da shi kowace asuba. Kiret biyu na ƙwai sun tarwatse a titi. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, godiya ga Allah, karnukan unguwa kuma sun yi karin kumallon da ba za su manta ba.

Laifin fitila ne. Tun da aka rufe masaƙa na koma ɗauko ƙwai daga gonar kaji a Mahuta kafin gari ya waye, ina raba wa masu shayi na Narayi da Barnawa, ban taɓa yin ɓarna irin wannan ba. Fitilar mashin ɗin ce ta tsufa, haskenta ya koma kamar na aci-balbal.

Juliana matata tana wanke mini wando tana dariya har da riƙe ciki. "Baban Debby, ba kai ne kake cewa ko ido rufe za ka bi hanyar nan ba?" Na ce ai matsalar ke nan, yau a buɗe na bi ta. Ta soya waɗanda suka tsage ba su zube ba, muka ci da burodi sai ka ce ranar Kirsimeti.

Laraba, 6 ga Agusta, da la'asar

Na je Makera wajen Malam Sani. Tare muka yi aiki a masaƙa, shi a ɓangaren lantarki, ni a wajen rini. Yanzu gyaran wutar mashin yake yi a wata rumfa bayan masallaci. Yana hango ni ya ɗaga murya: "Sarkin ƙwai! Yau ina kiret?" Na ce yau ni na zo sayen ƙwai, amma na fitila.

Bai yarda ya sayar mini da komai ba sai da ya yi bincike. Ya auna batir, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya duba fis. Ya kwance kan fitilar, ya tarar wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe ta yi tsatsa, ya kankare ta ya ɗaure tam. Gilashin gaba kuma ya dushe, ya yi rawaya. Ya ɗauko man goge baki ya murza shi da tsumma har ya yi ƙal.

"Malam Matthew, rabin masu kuka da fitila, tsatsa ce da datti ke damun su. Je ka gwada haka tukuna."

Na nace dai, ya sa mini sabon ƙwan halojin. Muka ci gasasshiyar masara, muka yi hirar mutanen da. Na dawo gida ina waƙa.

Alhamis, 7 ga Agusta, da safe

Fitilar ba ta ƙaru da komai ba.

Asabar, 9 ga Agusta, da yamma

Biron nan ma ba ya kamawa. Duk biron yanzu ruwa ne. Na sayi mai kauri.

Ruwa ake yi tun azahar. Juliana ta dafa faten acca da yakuwa, ƙamshin har bakin titi. Debby, 'yarmu, ta zo daga Barnawa da tsohon cikinta, tana tafiya kamar agwagwa, ta cinye kwano biyu ta ce ɗaya nata ne, ɗaya na baƙo mai zuwa. Ta miƙo mini wayarta in ga gadon jariri da mijinta Tony ya sa kafinta ya yi. Na ce kai, ya yi kyau.

"Baba, a juye ka riƙe wayar."

Muka yi dariya. Ta daɗe tana kallona bayan dariyar ta ƙare. Na ce bari in je in rufe mashin kada ruwa ya shiga fitila.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan sujada

Sabon littafin waƙoƙin da aka kawo coci, rubutunsa kamar sawun tururuwa. Ban damu ba, duk na san su da ka. Yau muryata ta fita sosai, har Fasto ya waiwayo.

Talata, 12 ga Agusta, bayan magariba

Na koma Makera. Na ce wa Sani LED nake so, irin wadda matasa ke sawa. Ya baje mini su a kan benci kamar mai tallan goro.

Akwai mai araha da haskenta ke ɗaukar shuɗi-shuɗi. Ya ce wannan ado ce, in ana ruwa titi ya jiƙe ba ka ganin komai da ita. Akwai mai fuskoki da yawa kamar abarba, ya ce tana watsa haske ko'ina, sama da bishiyoyi da idon mutane, ban da ƙasa inda ake bukata. Sai wata siririya mai ƙafa uku irin na tsohon ƙwaina, da ɗan fanka a bayanta don kada ta yi zafi, haskenta fari mai ɗan ruwan ƙwai. Ya ce ita ce za ta zauna daidai inda tsohon yake zama, dim ya zama dim, ful ya zama ful. Ita na ɗauka.

Da ya sa ta, sai ta kama kyaftawa, in an murza mai ta haska, in an saki ta yi lumshi. Na ce an cuce mu. Ya ce ba a cuce mu ba, fitilar mashin ɗina kai tsaye take shan wuta daga kwayil ɗin cikin inji, ita kuwa wannan wutar batir take so, mai tafiya a natse. Ya ja sabuwar waya daga batir, ya sa rilay da fis nata na kanta. Muka jira ya dawo daga sallar magariba, ya juya mashin ya fuskanci bangon wani shago, ya sa ni na hau don nauyina ya zauna, ya yi ta saita ta har ya ce layin hasken ya sauka ƙasa da ƙugun mutum.

"Ka ga layin nan? Kamar an yanka da reza."

Na ce na gani.

Masu wucewa suna tsayawa kallo. Wani ya ce, "Baba, wannan ai jenareto ka ɗaura." Na ji daɗi ƙwarai.

Alhamis, 14 ga Agusta, da hantsi

Ta fi ta da, ba zan yi ƙarya ba. Amma fitilun motocin da ke tahowa sun lalace a garin nan. Kowace sai ta fashe ta yi gashi-gashi ta rufe hanya. Sai in tsaya a gefe su wuce. Masu shayi sun fara cewa ina makara.

Juma'a, 15 ga Agusta, da rana

DEBBY TA SAUKA LAFIYA! Mace! Uwa da 'ya lafiya lau!

Juliana ta yi guɗa a cikin asibiti har wata nas ta zo ta ce ta rage, sannan nas ɗin ma ta taya ta. Tony yana ta rungumar mutanen da bai sani ba. Ni na raba dafaffen ƙwai ga duk wanda na tarar a baranda, har da mai gadi.

Hadassah za a sa mata. Aka ɗora mini ita a hannu, ɗumi kamar burodin da aka fitar yanzu. Kowa yana cewa, "Kakanta sak! Dubi kunnen! Baba, ka ga kunnenka?"

Na ce haka ne.

Ɗakin nan ba shi da haske. Ya kamata su gyara fitilunsu.

Juma'a, da yamma

Na matso da ita har numfashinta yana taɓa hancina.

Litinin, 18 ga Agusta, da azahar

Ban gaya wa Sani ba. Na sayi ƙananan fitilu biyu masu ƙarfi a wajen wani mai kayan mashin, irin waɗanda ake ɗaurawa a ƙahon gaba. Na haɗa da kaina, kai tsaye a batir, ba rilay ba komai. Da na kunna a tsakar gida kajin maƙwabta suka fara cara.

Yau da asuba wani mai keke napep ya leƙo yana ihu: "Oga, abeg! Jirgin sama kake tuƙawa? You wan blind person?" Na ɗaga masa hannu. A Barnawa na kashe mashin na manta ban kashe su ba, ina ta ba mai shayi labarin Hadassah. Na fito batir ya mutu murus. Na yi ta buga kik kamar mai rawar gargajiya, ga kiret a baya, masu shan shayi suna tafa mini. Da ya tashi har da sowa.

Laraba, 20 ga Agusta, da safe

Maman Faith mai ƙosai, a bakin layinmu. Tana tsallaka hanya da roba a ka.

Ban taɓa ta ba. Robar ce ta faɗi. Ban taɓa ta ba.

Laraba, da yamma

Fitila uku a kunne. Farin zane ne a jikinta.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce, "Baban Debby, tun daga nesa nake ɗaga maka hannu." Juliana ta je ta taya ta sake niƙa wake. Da ta dawo ta zauna a bakin gado ta ce, "Za mu yi magana." Na ce gobe.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan magariba

Na tafi Makera in sa a ƙara wata a saman madgad, murfin tayar gaba. Sani ya zagaya mashin ya ga haɗin da na yi, ya riƙe baki. Bai yi faɗa ba. Ya gyara wayoyin, ya naɗe su, ya jira duhu ya fara, ya kunna duka ya haska tsallaken titi.

"Malam Matthew, karanta mini allon can."

Na ce na kanti ne.

"Me aka rubuta?"

Na ce ai ni ba ɗan makaranta ba ne da za a yi mini jarrabawa.

Ya kashe mashin. Ya jawo benci ya ce in zauna. Ya ce, "Fitilar nan ko tirela ta ishe ta. Ni na gama nawa aikin, wallahi ko ƙwai ɗaya ba zan ƙara maka ba. Akwai gilashin da ba ni nake wankewa ba."

Na tashi zan tafi, ya zare makulli ya sa a aljihu. Ya ce yayansa an yi masa aiki bara a asibitin ido da ke tsallaken gada, yanzu shi ke zura wa matarsa zare a allura. Na ce yayanka daban. Ya ce, "Na san abin da kake tunawa. Tare muka je gaishe da Mama, ka manta?"

Shi ya goyo ni a mashin ɗina har gida. Rabon da a goya ni tun ina saurayi. Juliana tana ƙofa, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam." Ashe sun yi waya tun jiya. Munafukai biyu. Ta zuba masa fate a kula ya kai wa A'isha matarsa.

Juma'a, 22 ga Agusta, da asuba

Mama, da mutumin nan mai gyaran ido da allura na ranar kasuwa a ƙauye. Ta shiga rumfarsa tana ganin inuwar mutane, ta fito ko inuwar babu.

Ba zan rubuta wannan ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, da yamma

Debby ta aiko a ɗauke mu mu je Barnawa. Tana zaune tana ba Hadassah nono, ta ce, "Baba, wannan likita ne, ba mutumin kasuwa ba. Ni na shiga ɗakin haihuwa ina jin tsoro, na fito da wannan. Kai ma shiga ka fito." Na ce yaushe kika fara yi wa ubanki wa'azi? Ta ce tun ranar da ya yaba gado a juye.

Hadassah ta kama ɗan yatsana ta ƙi saki. Ƙarfi gare ta kamar mai ɗaure kaya.

Na ce to.

Talata, 26 ga Agusta, da la'asar

Mun je asibitin ido, ni da Juliana da Sani. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Debby ba, amma hannunta a natse. Ta haska ni da wata 'yar fitila. Na tambaye ta ko LED ce, ta yi dariya ta ce ban da surutu. Ta faɗi sunan abin: yanar ido. Ta ce ya nuna sosai a dama, hagu kuma yana tafe. Ta ce da na ƙara jinkiri da aikin ya fi haka wuya. Gobe da safe za a yi na dama.

Juliana ta ɗauki shatar keke za ta riƙa kai ƙwai. Ta ce dama ta daɗe tana zargin masu shayi suna yi mini wayo.

Ta sa mini abinci, na tura kwanon gefe.

Laraba, 27 ga Agusta

An yi. Ban ji zafi ba. Bandeji.

Alhamis, 28 ga Agusta, da rana

An cire.

Ban san ta inda zan fara ba. Rigar nas ɗin shuɗiya ce, shuɗi irin wanda muke rinawa a masaƙa, na manta akwai shi a duniya. Na juya na ga wata mata a tsaye tana murza bakin gyale, da furfura a gaban goshi. Na ce, "Maman Debby, yaushe kika yi wannan?" Ta ce, "Kai ka sa mini ita, watan nan." Sai ta fashe da kuka, ni kuma an hana ni, likita ta ce kada in kuskura in murza. Na zauna ina dariya, ruwa yana zuba ta hagu.

Sani yana baranda. Ashe haƙorinsa na gaba ya fita! Na ce tun yaushe? Ya ce tun azumin bara. Na ce shi ne ba wanda ya gaya mini? Ya ce, "Da na san abin da za ka fara gani ke nan, da na bar ka da fitilunka."

A hanya na ga ganyen mangwaro ɗaya-ɗaya, kowane da gefensa.

Asabar, 30 ga Agusta, da hantsi

Kunnena ne. Ba su yi ƙarya ba. Baiwar Allah, kunnena ne sak, a buɗe kamar murfin tukunya. Na ba ta haƙuri. Amma idon na uwarta ne, akwai kuma wani ɗan tabo a ƙasan haɓa da ba wanda ya lura da shi sai ni. Na yini ina nuna wa mutane.

Na buɗe shafukan baya na ga rubutuna yana hawa dutse yana gangarowa. Biron ba shi da laifi.

Laraba, 3 ga Satumba, da yamma

Ba tuƙi, ba sunkuyo, ba ɗaukar kiret. Ɗigon magani kamar ibada. Ina zaune da baƙin tabarau kamar ɗan siyasa, maƙwabta suna zuwa gaisuwa.

Juliana ta samo sababbin masu shayi uku a Narayi. Ta ce in na warke sai dai in zama direbanta.

Asabar, 13 ga Satumba, bayan magariba

Sani ya zo duba ni. Ya ce in fito in tsaya a bakin layi, nesa kaɗan, in fuskanci mashin. Ya kunna duka ukun.

Yesu! Na kare fuska da hannu biyu na juya baya. Wannan ne nake zuba wa bayin Allah a ido kowace asuba? Mai keken nan ashe mutumin kirki ne, da ni ne da na sauko.

Na ce a cire biyun nan yanzu-yanzu. Ya cire, ya bar siririyar, ya sake saita ta a bangon gidanmu. Ga layin nan kuwa, kamar an yanka da reza. Na tsaya ina kallon sa. Ya ce, "Yau ka gani, ko irin na ranar ne?" Na ce ya yi mini shiru.

Ɗaya daga cikin ƙananan ya haɗa wa Maman Faith da tsohon batir, a sunkuye, tana haska kaskon ƙosai. Ta ce na biya ɓarnar da na yi mata. Ta ƙara mini da ƙosai mai zafi.

Talata, 23 ga Satumba, da azahar

Likita ta ce idon dama ya warke sarai, zan iya hawa mashin. Na hagu sai Nuwamba. Na ce ko gobe ne a shirye nake.

Asabar, 27 ga Satumba, bayan mun dawo

Na ce wa Juliana ta ɗaura zanenta mai kyau, zan kai ta cin kifi a Barnawa. Ta ce tun da muka yi aure ban taɓa kai ta cin kifi ba. Na ce to hau.

Muka fita rana tana faɗuwa. Na kunna dim, hanya ta shimfiɗe a gabana, kowane rami da inuwarsa. Motoci suna tahowa, fitilunsu ƙanana biyu-biyu, kowace a mazauninta. Na kama karanta allunan hanya da ƙarfi: mai ɗinki, mai gyaran waya, makarantar yara, ana neman mai aiki. Juliana ta mintsine ni. "Baban Debby, duk garin za ka karance?"

Kafin mu shiga Barnawa hadari ya yaye ta yamma. Na gangara gefe na tsaya, na kashe mashin da fitila.

"Lafiya? Mai ya ƙare?"

Na ce dubi wata. Ta ce ta gani, wata ne. Na ce guda ɗaya ne.

"To da nawa ne?"

Na ce ya fi shekara biyu ina ganin uku, a manne da juna, kamar an taka su.

Sai ta ɗaga hannu ta ɗirka mini duka a baya, mai zafi kuwa. Sannan ta kwantar da goshinta daidai inda ta doka, ta bar shi a nan.

Muka tsaya a bakin hanya har sauro ya kore mu. Kafin mu isa kifin ya ƙare. Tsire muka ci.